Kofur da Zomon da Na Dafa wa Baffa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida mai kula da wannan fili da dukan masu karatu, maza da mata, da fatan kowa ya ga kaka lafiya, ya kuma kai amfaninsa gida lafiya. Ina roƙon a sakaya sunana da na unguwarmu, ya isa a ce ni matar aure ce a ƙasar Karaye. Kuma don girman Allah, kafin wani ya ce wace irin mace ce wannan da za ta ɓata takarda a kan kare, ya daure ya karanta har ƙarshe. Duk zagin da za a yi mini na riga na yi wa kaina. Shawara nake nema, don abin ya fi ƙarfina.

Na taɓa karatu a makarantar 'yan mata kafin in yi aure, shi ya sa nake iya rubuto wannan da hannuna ba tare da wani ya ji ba. Maigidana malamin firamare ne, 'yarmu ɗaya, tana goye. Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda tun yana ƙarami ba shi da buri sai soja. Shi ne ya tsinci wani kwikwiyo a bakin rafi, ya raine shi da kunu da ƙanzo, ya sa masa suna Kofur. Da aka zo ɗibar soja lokacin yaƙi ya tafi, iyayenmu suka ce su kam ba za su riƙe kare ba. Ranar da zai hau mota ya zo gidana da shi, ya durƙusa a tsakar gida ya ce, "Yaya, ba ni da akwati, ba ni da akuya. Wannan ne kaɗai abin da na mallaka. Ki riƙe mini shi amana har in dawo." Na ce, "Kai ɗan nan, amanar kare za ka ɗora mini?" Ya yi dariya, amma idonsa ya ciko. To ku gaya mini, wace yaya ce za ta ce a'a a ranar? Yaƙi ya ƙare, Allah ya tsare shi, amma har yau yana can kudu a bariki, kuma ba ya rubuto wasiƙa sai ya ce a gaida masa Kofur, wai har yanzu karen ya fi shi muƙami.

Maigidana bai so ba da farko. Sai da ya je ya tambayi baffansa, wani babban malami da ke Gwangwan, wanda shi ya rene shi, kuma Baffa muke ce masa. Baffa ya ce in don gadi ne babu laifi, a dai ware masa kwanonsa, kada kuma ya shiga ɗaki. Haka muka yi. Kuma ba zan ɓoye ba, na shaƙu da karen nan. Ba ya haushi barkatai, ba ya sa baki a tukunya, in na shimfiɗa tabarmar salla shi da kansa yake komawa gindin rumbu ya kwanta. Mata masu shigowa suna yi mini tsiya, wai 'yar boko ta yi ɗan riƙo mai wutsiya. Ina jin kunya, amma ban fasa ba shi abinci ba.

Bayan shekara ɗaya malamin gona ya kawo zomayen Turawa makarantar su maigidana don a koya wa yara kiwo, shi ma ya karɓi mace biyu da namiji ɗaya ya kawo gida. Kafinta ya yi musu keji na katako da waya mai dogayen ƙafafu. Ranar da aka ajiye kejin, maigidana ya dubi Kofur ya dube ni, ya ce, "Bari in faɗa miki tun yanzu. Wallahi ranar da karen nan ya taɓa zomo ɗaya, kwanansa ya ƙare. Kin san yadda ake yi a garin nan da karen da ya ɗanɗani jinin dabbar gida." Na sani kuwa. Bayan gari ake kai shi, ba ya dawowa. Kuma maigidana ba mutum ne da yake rantsuwa ya sauka ba.

Sai ga abin mamaki. Kwana biyu na farko Kofur ya yi ta zagaya kejin yana sansanawa yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, daga nan sai ya mai da ƙarƙashinsa wurin kwanciyarsa. In na fito da su don in share kejin, yana kwance za su zo su yi ta kiwo a gabansa, har su hau bayansa. 'Ya'yan da aka haifa kuwa lasar kunnensu yake yi kamar uwa. Akwai ranar da ya kai hanci kusa da wata zomanya mai jego, ta zabga masa ƙafa a hanci, ya ruga bayan turmi yana kuka, na yi dariya har da hawaye. Ni ce na riƙa ba maigidana wannan labari kullum da yamma, ina ƙara gishiri, don in kwantar masa da hankali. Ni ce na ce masa, "Malam, karen nan ko a tukunya ɗaya ka sa su ba zai taɓa su ba." Ku riƙe wannan magana, don ita ce yau ta shaƙe ni.

Amma akwai abin da na gani ban faɗa ba. Muddin zomo yana tsalle a hankali, yana ci, yana motsa hanci, Kofur ɗan'uwansa ne. Amma da zarar ɗaya ya firgita ya zabura da gudu, sai karen ya zama wani daban. Kunnuwansa su miƙe, bakinsa ya rufe, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, naman cinyarsa ya riƙa rawa. In na daka masa tsawa na ce "Kofur!" sai ya yi firgigit kamar wanda aka tasa daga barci, ya sunkuyar da kai ya koma ya kwanta. Na ga haka ya fi sau goma. Me ya hana ni faɗa? Tsoron rantsuwar nan. Na ce ai kullum ina nan, kuma yana jin muryata.

Ana cikin haka Baffa ya yi doguwar jinya, da ya samu sauƙi ya aiko cewa zai zo ya wuni a wurinmu. Dole in gaya muku halin Baffa game da nama. Ba ya cin naman kasuwa. Ko a gidan suna aka kawo masa, sai ya tambayi wanda ya yanka, in bai gamsu ba ya ce Allah ya amfana, ya ci tuwonsa da miya zalla. Haka yake tun kafin a haife ni. Da safe maigidana zai fita ya nuna mini wani ƙaton farin namiji ya ce, "Wannan za a yi wa Baffa farfesu. In an fita hutun ƙarfe tara zan leƙo in yanka. In kin ga ban zo ba, ki yi wa Ladan magana." Ladan maƙwabcinmu ne, dattijo, shi yake yi wa matan unguwa yanka in mazansu ba sa nan.

Hantsi ya yi bai zo ba. Na fito da zomon don ya zama yana kusa. Da na ɗaure shi, ko na kife shi da kwando, da yau ban rubuto muku ba. Amma sai tausayinsa ya kama ni, na ce bawan Allah yau ce ranarsa ta ƙarshe, bari ya ɗan sake. Na zuba masa ganyen dankali a tsakar gida, yana ci, Kofur yana kwance can gefe ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Na juya zan kai wanke-wanke madafa, yarinya ta zillo a bayana, na kai hannu in tare ta, babbar tasa ta suɓuce ta faɗi a kan dutsen niƙa. Ƙarar nan ta watsu, zomo ya zabura ya nufi bayan rumbu. Wallahi ban ga lokacin da karen ya tashi ba. Na buɗe baki in kira sunansa, kafin in gama ya riga ya cafke shi a wuya, ya girgiza sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Sannan ya taho da shi ya ajiye a gabana, ya zauna yana kaɗa wutsiya yana kallona, wai jira yake in yaba masa.

Na ɗauki zomon, kansa ya langaɓe gefe guda, idonsa a buɗe, ƙafarsa ta baya tana shure-shure. Babu jini sai ɗan ɗigo biyu a gashin wuya. Na ruga gindin danga na ƙwala wa Ladan kira, shiru, duk gidan sun tafi cirar gyaɗa. Ni kuma ina cikin kulle, ba na fita. Ko da ma zan fita, in ce da wa me? In tsaya a ƙofar gida da zomo a hannu in ce jama'a ku zo karenmu ya yi ɓarna? Ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba, in ana yanka ma juya baya nake yi, na ɗauko wuƙa, na kwantar da shi na fuskantar da shi alƙibla, na yi bisimilla na yanka. Jini ya fito, amma ba tsartuwa ya yi ba, gangarowa ya yi. Na ji kamar ƙafarsa ta motsa bayan yankan, amma hannuna yana karkarwa, yau in aka ce in rantse ko shi ya motsa ko ni na motsa shi, ba zan iya ba.

Ga inda na fi jin kunya. An koya mana a darasin addini cewa dabbar da wata dabba ta kama, in har lakar wuyanta ta tsinke, yanka ba ya halatta ta ko da tana motsi. Na san wannan sarai, har jarrabawa na ci a kansa. Da nake fiɗa na ga wuyan ya tara jini, na ji ƙashin yana motsi a hannuna. Da na tsaga na duba, da na san gaskiya. Ban duba ba. Na ƙi dubawa ne da gangan, don ina tsoron abin da zan gani. Na sare kan da wuyan gaba ɗaya, na rasa inda zan kai su kada maigidana ya gani, in na binne kare zai tono, in na jefa bayan danga yara za su tsinta. Kun san abin da na yi? Kofur na jefa wa. Na ba shi ya cinye shaidar laifinsa. Sai da na ji yana ƙwaras-ƙwaras da ƙashi a bayan rumbu sannan na gane cewa lada na biya shi.

Da azahar maigidana ya shigo da sauri, wai mai duba makarantu ne ya zo ya tsare su. Ya ji ƙamshi ya ce, "Kai, madalla, 'yar boko. Ladan ya yanka ke nan?" Na ce, "E." Kalma ɗaya. Ya buɗe tukunya ya ce, "Ina wuyan?" Kafin in yi magana ya amsa wa kansa, "Af, na manta, rabon mai yanka." Ya rufe ya fita tarbar Baffa.

Ina laɓe a bayan ƙofar zaure lokacin da aka ajiye kwano. Na ji Baffa ya ce, "Wa ya yanka?" Na ji maigidana ya ce, "Ladan ne, Baffa, na nan kusa da mu." Baffa ya ce, "To, alhamdu lillahi, na san hannunsa." Na ji ƙarar murfin kwano. Ban shiga na ce a dakata ba. Me ya fi wannan sauƙi? Taku uku ne tsakanina da su. Amma ina tsaye ina jin dattijon nan, wanda ya tsare bakinsa shekara da shekaru, yana shan romo yana cewa rabonsa da nama tun kafin ya kwanta. Da ya gama ya sa aka kira ni, na durƙusa daga nesa, ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na ji ƙarfi a jikina. Allah ya ciyar da ke halal kamar yadda kika ciyar da ni." Na ce amin, kaina a ƙasa, suka ɗauka kunyar suruki ce. Ni ban ci ba, na ce cikina ne ba daɗi.

Na yi zaton asirina zai tonu a wurin Ladan, har wani ɓangare na zuciyata yana fatan hakan, in huta. Washegari suna dawowa daga masallaci na ji maigidana a ƙofar gida yana cewa, "Baba Ladan, an gode da aikin jiya." Dattijon da yake yanka kaji biyar a rana bai san na wa da na wa ba, ya ce, "Haba, ba komai, ba komai, ai yi wa kai ne." Kun ji! Har shi ya karɓi godiyar aikin da bai yi ba. Ƙaryar ta rufe kanta ruf, babu wanda zai taɓa kama ni, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Bayan mako biyu na kasa daurewa, na ƙago wata dabara. Na ce da maigidana wata ƙawata ta makaranta ta rubuto mini, karensu ya kama zomon gida, ta yanka da kanta ta dafa wa baƙo ba ta faɗa ba, tana son a tambayar mata Baffa hukunci. Ya ce, "Ku 'yan boko da ƙarfin hali!" Ranar kasuwar Rogo ya biya ta Gwangwan, ya dawo mini da amsa. Baffa ya ce yankan mace ya halatta, wannan ba abin damuwa ba ne. In lakar ba ta tsinke ba, naman halal ne, in ta tsinke mushe ne, tunda kuma ba ta duba ba, ba ta da ikon ciyar da kowa. Wanda ya ci bai sani ba babu komai a kansa, nauyin yana kan wadda ta ɓoye, ta tuba, ta kuma nemi yafewar wanda ta ciyar. Na ce a raina to, ko ba komai Baffa ya kuɓuta. Sai maigidana ya ƙara da cewa, "Ya kuma ce ki gaya mata a rabu da karen nan tun wuri, don ya riga ya gane hanya." Ya kurɓi ruwa ya yi dariya ya ce, "Kin ji karnukan mutane. Mu kam Allah ya ba mu na kirki."

Kuma Baffa ya yi gaskiya, don Kofur ya canza. Mai kallo daga nesa ba zai gani ba, amma ni da nake wuni da shi na gani. Da, kwanciya yake yi a ƙarƙashin keji ya yi barci. Yanzu zama yake yi a gabansa, ido a kafe, miyau yana ɗiga. Ya daina lasar 'ya'yan, sai dai ya riƙa tura su da hanci, kamar yana son su gudu. Na kama shi sau biyu yana kai ƙafa jikin waya. Su ma zomayen sun sani, in ya matso sai su taru a lungu ɗaya suna buga ƙafa a katako. Na daina fito da su gaba ɗaya, ina share kejin suna ciki. Rannan na yi zuciya na kwaɗa masa muciya, ya kwanta ya juya cikinsa sama yana kallona bai san laifinsa ba, na shiga ɗaki na yi ta kuka. Laifinsa ne? Haka Allah ya halicce shi. Ni ce na ga alama na yi shiru, ni ce na saki zomo, ni ce kuma na ba shi ya ci.

Da abin ya tsaya nan, da na ci gaba da tsaronsa ina istigfari har ƙanena ya dawo. To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Zomaye sun yi yawa, keji ya yi musu kaɗan, ga wani muzuru da ya addabi unguwa. Maigidana ya yanke shawara zai kewaye bayan madafa da waya da zana, a sake su a ƙasa su wala, in an yi hutu a kawo na makaranta ma a haɗa. Wa zai yi gadinsu? Kofur. A ciki zai riƙa zama, a rufe ƙofa, shi da su.

Na ce, "Malam, anya? Kare fa kare ne."

Ya ce, "Ikon Allah! Ba ke ce kika ce ko a tukunya ɗaya aka sa su ba zai taɓa su ba?"

Na ce, "Ai wasa nake yi."

Ya ce, "Shekara guda kina ba ni labarin yana lasar kunnensu, duk wasa ne? Ko wasiƙar ƙawarki ce ta tsorata ki? Wannan ai karen banza ne, ba su ba shi tarbiyya ba."

Na ce to a ɗaure shi daga waje mana. Ya ce karen da ke ɗaure ina zai kori muzuru? Na ce zomaye za su haƙa rami su gudu. Ya ce zai shimfiɗa waya a ƙasa. Na ce za su yi cuta in suna taka ƙasa. Ya ce malamin gona ya ce ba komai. Duk ƙofar da na bi sai ya tare ni, kuma da maganata yake tare ni. Har ya fara gayyatar abokan aikinsa su zo su ga kare mai kiwon zomo. Na aika wa mahaifiyata a Kafin Dafga ko za ta karɓe shi na ɗan lokaci, ta aiko cewa in na gaji da shi in sake shi ya bi duniya, ita ba ta haifi mai wutsiya ba. Na rubuta wa ƙanena ina zagaye-zagaye ko akwai yadda za a yi ya ɗauke shi, ya amso cewa ba a yarda da kare a ɗakinsu ba, in ƙara haƙuri, yana sa ran hutu bayan salla, kuma abin da ya fi ɗokin gani bayan Inna shi ne Kofur.

Jiya da la'asar aka kafa turakun shingen. Maigidana yana cikin nishaɗi, ya ce bari ya cire mini tsoro gaba ɗaya. Ya buɗe keji ya ɗauko wata zomanya mai ciki ya ajiye a gaban Kofur. Na tsaya ina kallo. Zomanyar ta lafe a ƙasa ba ta motsa ba, don nauyi da tsoro. Karen ma bai motsa ba. Maigidana ya tafa hannu ya ce, "Kin gani? Ko kallonta bai cika yi ba!" Shi fuskar karen yake kallo, ni kuwa cinyarsa nake kallo, tana rawa kamar ana kaɗa ta. Ya mai da ita keji, ya shafa kan Kofur, ya juyo ya ce, "To 'yar boko, yanzu me kika ce?" Wallahi maganar ta zo har bakina. Na dubi karen, ya zo ya kwanta kusa da ƙafata yana haki. Na ce, "Allah ya sa alheri."

Abin da na iya samu kawai shi ne ya yarda a jira sai an yi hutun makaranta, saura mako biyar. In na yi shiru, na san abin da za a tarar a cikin shingen nan, ba ɗaya Kofur zai kashe ba, har da na yaran makaranta, kuma a ranar za a ja shi bayan gari. In na faɗi gaskiya, zomaye sun tsira, amma rantsuwa ta hau kan Kofur tun daga ranar da na jefa masa wuyan nan, ga ƙaryar da na sa mijina ya yi wa wanda ya rene shi ba da saninsa ba. Ko ta ina na bi, karen da aka ba ni amana ne zai mutu a kan abin da ni na jawo, kuma ni ce zan tari ƙanena a zaure in gaya masa.

Malamai masu karanta wannan fili, shin akwai yadda mutum zai warware irin wannan rantsuwa ya yi kaffara, in har ya yarda? In fara zuwa wurin Baffa in faɗi a gabansa, ko hakan tsallake mijina ne? Masu kiwo kuma, akwai wanda ya taɓa ganin karen da ya ɗanɗani jini ya daina? Kada ku ce mini in yi haƙuri, haƙurin ne ya kawo ni nan. Tun jiya nake jin ƙarar guduma a bayan madafa, shinge yana ƙara tashi, ni kuma ina tuƙa tuwo ina amsa sannu da aiki.

Don Allah jama'a, me zan yi?

Taku,
Wata baiwar Allah daga ƙasar Karaye.